Hajiya, hoto ba lissafi ba ne

Hajiya, tambayarki ta fama mini ciwo. Kin ce kin tura kuɗin abincin marayu ga wata gidauniya ta Facebook, sun sa hotunan buhunan shinkafa, da kika nemi lissafi suka yi gum, ko ki ƙara ba su na azumin bana? Kada ki ƙara ko dala sai sun amsa.

Mu tamu rijiya ce. Bayan rasuwar Baba, yayana da ke ci-rani a Abijan ya turo nasa, muka haɗa jika 600 don sadaka mai gudana a wani ƙauye wajen Buza. Aka aiko mana hoto: rijiya sabuwa fil, allo da sunan Baba, yara sun kewaye. Inna ta yi ta kuka, ta sa aka wanko hoton ta rataye a ɗaki. Kwatsam wata baiwar Allah daga Yamai ta saka hoton rijiyar da aka yi wa mijinta. Gawon nan ne, bakin rijiyar nan ne, har yaron nan mai jar riga! Allon kawai aka sauya. Da na kira mutumin da ya karɓi kuɗin, ko kunya babu, wai "ai niyya Allah ke dubawa, ladanku ya riga ya isa." Ni zai yi wa wa'azi da kuɗin ubana a aljihunsa! Daga nan ya toshe lambata. Har gobe yana nan yana jawo aya yana tara kuɗi, mutane na ta zuba masa "Allah ya saka." Inna kuwa ba mu iya gaya mata ba.

To ki nemi takardar izinin gidauniyar nan taki. Ƙungiyoyi a Nijar suna ƙarƙashin doka tun 1984, kuma ma'aikatar cikin gida ce ke ba da izini. A ƙarshen 2025 ma an dakatar da ƙungiyoyi masu zaman kansu (ONG) masu yawa saboda ba su wallafa lissafin kuɗinsu ba, balle mai shafi ɗaya da waya. Ki duba kuma sunan wa ke fitowa in za ki tura ta Nita ko Airtel Money, na ƙungiya ko na mutum? Ki ajiye resi.

Ni ban ce kada su ci komai ba. Aya ta 60 a Suratut Tauba ta ba masu aikin zakka rabonsu, kuma mota ba da addu'a take tafiya ba. Su dai rubuta: nawa ya shigo, nawa aka saya, nawa ya tafi mai da ɗawainiya. Su faɗi sunan ƙauyen, a samu mai zuwa ya gani da ido.

Wani abin da ke ci mini rai shi ne yadda ake jera marayu a rana, kowa riƙe da leda, ana ɗaukarsu bidiyo. Ɗiyan wa za a yi wa haka uwarsu ta ji daɗi?

Bana ki tambayi limamin unguwarku ko mai unguwa. Nan Tawa sun san gidan kowace bazawara mai yara, kuma da ƙafarki za ki kai.