Ka je, amma kar ka karɓe aikin daga hannun yaro

Ɗana, na ga saƙonka tun jiya da dare. Ka ce mutanen gidan matasa na unguwarku sun roƙe ka ka riƙa zuwa kowace Asabar da marece kana koya ma yara aikin fata, babu ko dala, kuma kana tambaya ko na yarda, ko kuwa hakan tona asirin sana'a ne. To na yarda, ka je, Allah ya yi maka albarka, wallahi na ji daɗin da ka fara shawara da ni.

Batun asiri kuwa ka kwantar da hankalinka. Dukanci a yatsu yake, shekara huɗu ke nan kana gabana kana ganin duk abin da nake yi kuma sai bana ɗinkinka ya fara miƙewa. Ka tuna da muka je Yamai na kai ka gidan tarihi na Boubou Hama, wanda aka buɗe tun 1959, dukawa da maƙera da masaƙa suna aiki a fili kowa na tsaye yana kallo, waye ya ƙwace masu sana'a? Mu nan Tawa zamanin Samariya, lokacin Seyni Kountché, daga 1974 zuwa 1987, kowace unguwa da samarinta da sarkin samarinta, ana gayya ana wasan kwaikwayo ana waƙa, manya na koya ma ƙanana ba wanda ke jiran biya. Nan na fara riƙe basilla ina ɗinka ma ƴan rawa kayan ado.

Yanzu ka saurara. Kar ka kwashi yara talatin don a ce ka tara jama'a, goma ko sha biyu sun ishe ka, maza da mata, idonka ya kai ga hannun kowa. Ka zo ka ɗauki buhun guntayen fatar akuya da ke ƙarƙashin tebur, ka yanke su tun a shago ka huda ramukan ɗinki da kanka, su kuma ka ba su allura mai dakusasshen baki da zare. Aska tana aljihunka, ba ta zuwa hannun yaro sai ka san shi sosai. Ranar farko a yi abu ƙarami, maratayin makulli ko ɗan alabe, wanda za a gama kafin magariba kowa ya tafi gida da nashi ya nuna ma uwarshi. In ka fara da dogon bayani ko babbar jaka mai cin sati uku, Asabar ta gaba rabinsu suna filin balo.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne wannan. Za ka ga yaro ya karkace ɗinki, zare ya cukuikuye, yatsunka za su yi ta ƙaiƙayi ka fizge ka gyara cikin minti ɗaya. Kar ka yi. Na taɓa yi ma wani yaro haka a shago, na karɓe kuben wuƙa da yake fama da shi na ƙarasa mishi tsaf, ya amsa ya yi godiya ya aje shi kan benci ya tafi, bai ko waiwaye shi ba, don ya san ba nashi ba ne kuma. Har yau abin na damuna. Kai ka ɗauki wani guntu daban ka zauna gefenshi ka yi a hankali yana gani, ya warware nashi ya sake, ko sau uku ne. Kuma za ka ga abin mamaki, ranar da yarinya ƴar shekara goma ta tambaye ka don mi ake jiƙa fata kafin a yi mata zane, dole ka nemo amsa, nan za ka gane abin da hannunka ya daɗe yana yi ba ka sani ba.

Ranar da ka ga sun fara gajiya ka fito da kuloko. Ka shafa a kwali su ga ba abin kirki da ya faru, sa'an nan ka ɗiga kan fata su ga ta koma baƙa ƙirin a gabansu, ka gaya masu ruwan tsatsar ƙarfe ne ya haɗu da bagaruwar da majemi ya jeme fatar da ita. Ja kuma karan dafi ne da ruwan kanwa, ka bari su daka da kansu, sai dai ka ce su zo da tsofaffin riguna.

Zare da allura masu gidan matasa su saya, ka faɗa masu tun yanzu ba kunya. Ku zauna a fili ƙarƙashin rumfa, iyaye su san inda ɗiyansu suke. In aikin Sallah ya matso ka sanar da yaran tun sati biyu kafin nan, kar su zo su tarar da tabarma ba kowa. Ka biyo ran Juma'a bayan masallaci, buhun na nan, kulokon ma na jiƙa shi.