Jin ra'ayin ɗalibai zai kawo raini a makaranta?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni shugabar wata makarantar sakandare ce. An umarce mu da mu riƙa shawara da ɗalibai idan za mu sake dokokin makaranta. Gaskiya hankalina bai kwanta ba, ina tsoron raini ya shiga tsakaninsu da malamai. Wanda ya zo ba mu horo ya ce kada in damu, in zaɓi yara biyu masu natsuwa, a rubuta musu jawabi su karanta ranar taro, shi ke nan an cika sharaɗi. In bi shawararsa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Batun raini ki kwantar da hankalinki. Sashe na 12 na Yarjejeniyar Haƙƙin Yara, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ita a 1989, bai ce yaro ne zai yanke hukunci ba. Cewa ya yi a bar shi ya faɗi ra'ayinsa kan abin da ya shafe shi, a kuma ba ra'ayin nauyi gwargwadon shekarunsa da hankalinsa. Wuƙa da nama suna hannunki har gobe.

Shawarar mai horon nan ce ta ɓata mini rai, domin kusan kullum sai na ci karo da irinta. A wanke yaro tas, a miƙa masa takardar da babba ya rubuta, ya karanta yana in'ina a kan kalmomin da bai san ma'anarsu ba, a tafa, a ɗauki hoto, a liƙa a rahoto. Wai an tuntuɓi yara! Tun 1992 wani masani mai suna Roger Hart ya zana tsani mai matakai takwas na shigar da yara cikin shawara, ya ce uku na ƙasa ba shigarwa ba ce sam: juya yaro yadda ake so, yin ado da shi, da yi don ganin ido. Mai horonku ya haɗa ukun a faifai ɗaya, kuma na san an biya shi.

Kada ki ɗauka wasan kwaikwayo ne kawai marar illa. Yara ba wawaye ba ne. Ranar da suka ga an tambaye su alhali an riga an gama magana, sun gane cewa bakinsu ba ya sauya komai. To, yarinyar da wani malami ke tsare ta bayan an tashi, ko yaron da manyan ɗalibai ke cin zalinsa a bayan azuzuwa, wa zai je ya faɗa wa? Ya riga ya ga yadda ake yi da maganar yara. Masu cutar da yara ba abin da suke so kamar wurin da yara suka saba da shiru.

Sannan su waye yara biyun masu natsuwa? Waɗanda dokar ba ta taɓa matsa musu ba. Mai zuwa a makare saboda nisan gida, mai naƙasa, wanda kullum yake na ƙarshe a aji, su ne suka san inda dokarki ke ciwo, kuma su ne ba a taɓa zaɓa.

Laura Lundy ta Jami'ar Queen's da ke Belfast ta taƙaita aikin cikin abu huɗu a 2007: fili, murya, mai sauraro, da tasiri. Na ƙarshen ne kowa ke tsallakewa. Ki fara da doka guda, misali ta makara. Ɗalibai su zaɓi wakilansu da kansu, mai jin kunya ya rubuto ba suna, wanda ba ya son magana a ƙyale shi, domin haƙƙi ne ba tilas ba. Tun farko ki gaya musu abin da ba zai sauyu ba, kada ki yi musu alkawarin da ba za ki cika ba. Bayan kin yanke shawara ki koma gabansu ki ce: ga abin da muka ɗauka, ga wanda muka bari, ga dalili. Kwamitin Haƙƙin Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya ma ya jaddada wannan komawar a bayaninsa na 2009.

Kafin ki fara, ki tanadi malami ko malama da aka horar kan kare yara. Idan ɗaliban suka yarda da ke, za ki ji abubuwan da suka wuce batun makara.