Motata na zafi a hanyar Garwa

Tambaya: Salam Malam, daga Marwa nake, wallahi bazara na shigowa motata sai ta dinga zafi, me zan iya yi da kaina kafin gareji?

Amsa: Wa'alaikumussalam ɗan'uwa. Kullum da safe kafin ka tada inji duba ruwan lagireto, amma don Allah kar ka kuskura ka buɗe murfin lagireto alhali inji na da zafi, ruwan tsalle yake ya ƙona fuska. Ka daina zuba ruwan rijiya, gishirinsa ke toshe lagireto, sayi kulan, wato ruwan sanyaya inji. Sannan ƙurar hunturu da ta maƙale a gaban lagireton nan wanke ta a hankali, ka taɓa fambel ko ya saki, ka zaro sandar baƙin mai, in ya koma kalar shayi da madara to ruwa ya shiga, wannan kam sai bakanike.