Mene ne ke sa a kira wuri birni?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibar aji shida ce a firamare. An ba mu aikin gida a kan bambancin birni da ƙauye. Yayana ya ce duk inda aka ga dogayen benaye, to birni ne, ni kuwa na ce yawan mutane ne. Wa ke da gaskiya?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Kin fi yayanki kusa da gaskiya, amma ke ma da sauranki.

Ana duba yawan jama'a kam, sai dai kowace ƙasa da nata ma'aunin. A Japan, bisa ƙa'ida, sai wuri ya kai mutum 50,000 kafin a ba shi matsayin birni. A Birtaniya kuwa sarki ko sarauniya ke ba da wannan matsayi, shi ya sa St Davids da ke Wales yake amsa sunan birni alhali mutanensa ba su kai 2,000 ba. Don a rage wannan ruɗani, a 2020 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ma'aunin bai-ɗaya: aƙalla mutum 50,000 da ke zaune a cunkushe, kamar 1,500 a kowace murabba'in kilomita.

Ni dai a wurina, abin da ya fi adadi nauyi shi ne aikin da mutanen ke yi. A ƙauye, yawanci noma ne ko kiwo ko su. A birni kuwa, mafi yawan mutane ba su noma abin da suke ci. Wani tela ne, wani likita, wani direba, kowa na dogaro da sana'ar wani, abinci kuma daga karkara ake kawo shi. Haka abin ya faro tun asali. Uruk, a ƙasar Iraƙi ta yau, yana cikin biranen farko a duniya, sama da shekara 5,000 da suka wuce. Noman ban-ruwa a gefen kogin Furat ya samar da rarar hatsi, sai wasu suka bar gona suka koma ginin tukwane, saƙa da kasuwanci. Lissafin kayan ya yi yawa har aka fara rubuta shi a allunan yumɓu.

Idan mutane suka taru haka, dole a yi musu abubuwa na haɗin gwiwa: ruwan famfo, magudanan ruwa, kwashe shara, hanyoyin sufuri. Kada ki raina magudana! A 1854 kwalara ta kashe sama da mutum 600 a wata unguwa ta Landan, kuma likita John Snow ya gano cewa daga famfo ɗaya mai gurɓataccen ruwa cutar ke yaɗuwa. Cunkoson titunan Landan ɗin ne kuma ya sa aka buɗe jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa a 1863, irinsa na farko a duniya. Ki ƙara da manyan kasuwanni, asibitoci, kotuna, makarantun gaba da sakandare da hukumar da ke kula da su.

To, benayen yayanki fa? Daga baya suke zuwa. Idan kowa na son zama a tsakiyar gari, fili sai ya yi tsada, magina kuma su riƙa ɗora bene a kan bene. Ki gaya masa cewa yawancin gine-ginen tsakiyar Paris ba su wuce hawa shida ko bakwai ba, kuma babu mai kiran Paris ƙauye.