Tambaya da Amsa: Makaman Ƙare Dangi da Haɗin Kan Ƙasashen Duniya

Wasiƙun da suka shigo wannan shafi a 'yan makonnin nan sun karkata ga batun makaman ƙare dangi, wato na nukiliya da masu guba da na ƙwayoyin cuta, don haka muka zaɓo uku daga Katsina da Daura muka haɗa su a fitowa ɗaya.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Kullum muna ji a rediyo ana matsa wa Iran da Koriya ta Arewa lamba kan makamin nukiliya, alhali masu matsin su ne suka fi kowa tara shi. Wa ya ba su wannan iko? Ashe ba mai dokar barci ne ya ɓige da gyangyaɗi ba? Daga wani malamin sakandare, Ƙofar Marusa, Katsina.

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malam. Tushen lamarin yarjejeniya ce da ƙasashen duniya suka sa wa hannu da kansu, wato Yarjejeniyar Hana Yaɗuwar Makaman Nukiliya da aka fi sani da NPT, wadda aka ƙulla a 1968, ta fara aiki a 1970. Ta amince cewa duk ƙasar da ta ƙera makamin ta kuma gwada shi kafin 1 ga Janairun 1967 mai makami ce, kuma ƙasashe biyar ne wannan ya shafa: Amurka, da Tarayyar Sobiyet wadda Rasha ta gada, da Birtaniya, da Faransa, da Sin. Sauran ƙasashe suka ɗauki alkawarin ba za su nemi makamin ba, su kuma aka yi musu alkawari biyu. Na farko, ba za a hana su cin moriyar makamashin nukiliya a harkar lantarki da magani da noma ba. Na biyu, wanda yake a sashe na shida, manyan biyar za su shiga tattaunawa da zuciya ɗaya don kwance ɗamara.

Ƙorafinka yana kan alkawari na biyun ne, kuma kana da gaskiya. Ko da yake yawan makaman ya ragu daga kimanin 70,000 a tsakiyar shekarun 1980 zuwa kimanin 12,000 a yau, kusan kashi 90 cikin ɗari suna hannun Amurka da Rasha, kuma dukkan masu makamin sabunta shi suke yi. Indiya da Pakistan da Isra'ila ba su taɓa shiga yarjejeniyar ba, biyun farko sun yi gwaji a fili a 1998, Isra'ila kuwa ba ta amsa ba ta musa ba har yau. Koriya ta Arewa ta sanar da ficewarta a 2003, ta yi gwajin farko a 2006. Abin da ya fi ɓata lamarin a ganina shi ne yadda aka yi da waɗanda suka miƙa wuya. Libiya ta watsar da shirinta a ƙarshen 2003, shekara takwas bayan haka jiragen NATO suka taimaka aka kifar da Gaddafi. Yukiren ta mayar wa Rasha makaman da ta gada daga Tarayyar Sobiyet bisa tabbacin tsaro da aka ba ta a Budapest a 1994, sai ga Rasha ta ƙwace Kirimiya a 2014, ta kuma afka mata da yaƙi a 2022. Iran ta yarda a 2015 ba za ta tace yuraniyom, wato ma'adinin da ake haɗa makamin da shi, ya wuce kashi 3.67 cikin ɗari ba, masu bincike suka sha tabbatar da cewa tana cika alkawari, amma Amurka ta fice a 2018, Iran ta haura zuwa kashi 60, aka kai ga Isra'ila da Amurka sun kai wa cibiyoyinta hari a watan Yunin 2025. Shugabannin ƙananan ƙasashe suna kallon duk wannan, kuma ba abin mamaki ba ne idan wasunsu suka ɗauka cewa mai bam ne kaɗai ake jin tsoron taɓawa.

Duk da haka ba na goyon bayan masu cewa a yi watsi da yarjejeniyar. A 1963 shugaban Amurka John Kennedy ya bayyana fargabar cewa kafin ƙarshen shekarun 1970 ƙasashe 15 zuwa 25 za su iya mallakar makamin. Yau ƙasashe tara ne, kuma ƙasashe irin su Suwidin da Barazil da Ajantina da Koriya ta Kudu, waɗanda suka taɓa kama hanyar, sun janye. Wani ɓangare na dalilin shi ne aikin Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya, IAEA, da aka kafa a 1957 mai hedikwata a Biyana. Aikin sufetocinta ba mai ƙayatarwa ba ne, amma shi ne ƙashin bayan tsarin: sufeto zai shiga masana'anta ya duba littafin lissafin yuraniyom, ya auna abin da ke ƙasa ya ga ko ya yi daidai da abin da aka rubuta, ya duba hatimin da ya liƙa a kan tukwane a zuwansa na baya, ya duba kyamarori, sannan ya ɗauki ɗan ƙyallen auduga ya goga a jikin bango ko inji, a aika da shi ɗakin gwaji, inda ƙurar da ido ba ya gani za ta tona ko an taɓa tace yuraniyom a wurin da kuma matakin da aka kai. Rashin adalcin tsarin gyara yake bukata, kuma wannan ne ya sa Najeriya ta kasance cikin ƙasashen da suka jagoranci ƙulla yarjejeniyar haramta makamin nukiliya ɗungurungum a 2017, wadda ta fara aiki a Janairun 2021, ko da yake babu ko ɗaya daga cikin masu makamin da ta shiga.

TAMBAYA: Malam, ina harkar kasuwanci tsakanin Daura da Damagaram ta iyakar Kongolam, kuma ina jin 'yan'uwanmu na Nijar suna cewa da arzikin ƙasarsu ake haɗa bam. Idan haka ne, me ya hana Nijar ko Najeriya haɗa nasu? Daga wani ɗan kasuwa, Daura.

AMSA: Alhaji, gaskiya ne ana haƙar yuraniyom a yankin Arlit da ke jihar Agadas tun farkon shekarun 1970, kuma an yi shekara da shekaru ana ɗibarsa a manyan motoci zuwa tashar jiragen ruwa ta Kwatano, daga can a wuce da shi Faransa, wadda mafi yawan lantarkinta daga nukiliya yake. Sai dai garin da ake fitarwa daga Arlit, mai launin rawaya, ba ya fashewa. Nau'in da ake bukata, wanda masana ke kira U-235, bai wuce kashi 0.7 cikin ɗari na yuraniyom ɗin da ake haƙowa ba. Tashar lantarki tana bukatar a tace shi ya kai kashi 3 zuwa 5, bam kuwa sai an kai kusan kashi 90, kuma wannan tacewa tana bukatar dubban injuna masu juyawa da matuƙar gudu, da ƙwararru, da kuɗi masu yawa. A nan ne ƙasashen duniya suka fi sa ido, domin a nan hanyar lantarki da hanyar bam suke rabuwa.

Sunan Nijar ya taɓa shiga wannan rikici ba da laifinta ba. Kafin mamayar Iraki a 2003, an yaɗa wasu takardu da ke cewa Saddam Husaini ya nemi sayen yuraniyom daga Nijar, har shugaban Amurka ya yi nuni da zancen sayen yuraniyom daga Afirka a jawabinsa ga majalisa. Shugaban IAEA na lokacin, Muhammad ElBaradei ɗan ƙasar Masar, ya shaida wa Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya a watan Maris na shekarar cewa takardun na jabu ne. Ba a saurare shi ba, aka yi yaƙin, kuma ba a samu makaman da aka ce akwai ba.

Game da ƙasashenmu kuwa, ba rashin hali kaɗai ya hana ba, akwai zaɓi da muka yi bayan mun ɗanɗana. A ranar 13 ga Fabrairun 1960 Faransa ta yi gwajin bam ɗinta na farko kusa da Reggane ta Aljeriya a hamadar Sahara, wato hamadar da iskar hunturu ke kwaso mana ƙura daga cikinta kowace shekara. Da ta ci gaba da gwajin duk da koke-koken Afirka, gwamnatin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa ta kori jakadan Faransa ta yanke hulɗa da ita a Janairun 1961, ƙasar tana da wata uku kacal da samun 'yanci. Wannan matsayi ne ya girma har ya zama Yarjejeniyar Pelindaba, da aka sa wa hannu a Alƙahira a 1996, ta fara aiki a 2009, wadda ta haramta ƙera makamin nukiliya ko gwada shi ko girke shi a nahiyar Afirka. Afirka ta Kudu, wadda ta ƙera bamabamai shida a zamanin wariyar launin fata, ta wargaza su da hannunta ta shiga NPT a 1991. Ko a nan kusa da mu akwai misali: ƙaramin injin binciken nukiliya da ke Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, wanda ya fara aiki a 2004, da yuraniyom mai matuƙar tacewa yake amfani, sai a 2018 aka sauya masa da mai ƙarancin tacewa, aka mayar da tsohon zuwa Sin, da haɗin gwiwar Najeriya da Sin da Amurka da IAEA. Injin yana nan yana aikinsa, abin da ɓarawo zai iya kwaɗayi kuwa ya bar ƙasar.

TAMBAYA: Malam, da irin halin tsaron da muke ciki, shin 'yan bindiga ko 'yan ta'adda za su iya samun irin waɗannan makamai? Daga wata ma'aikaciyar jinya, Katsina.

AMSA: Malama, bam ɗin nukiliya ya fi ƙarfinsu, saboda dalilan da na ambata a sama. Guba kuwa an taɓa gani: a 1995 wata ƙungiyar asiri ta saki iskar sarin a jirgin ƙarƙashin ƙasa na Tokiyo, fiye da mutum goma suka mutu, dubbai suka jikkata. Yarjejeniyar haramta makamai masu guba, da ta fara aiki a 1997, tana da ƙasashe 193 da hukumar bincike a birnin Heg, kuma a Yulin 2023 aka kammala lalata duk makaman da ƙasashe suka bayyana suna da su, ko da yake amfani da guba da aka yi a yaƙin Siriya ya nuna cewa ba kowa ke bayyana gaskiya ba. Ta ƙwayoyin cuta, wadda ta fara aiki a 1975, ita ce mafi rauni, domin har yau ba ta da sufetoci. Don toshe hanyar ƙungiyoyi ne Kwamitin Sulhu ya zartar da ƙuduri mai lamba 1540 a 2004, wanda ya wajabta wa kowace ƙasa ta kafa dokoki ta kuma tsare iyakokinta da kayayyakinta, kuma a aikace wannan nauyi yana sauka ne a kan jami'in kwastam da ke Jibiya ko Kongolam.

Abin da ya fi damuna shi ne abin da ya fi kusa da aikinki. Wasu injunan gasa ciwon daji a asibitoci, da na'urorin da kamfanonin mai da masu aikin hanya ke amfani da su, suna ɗauke da sinadarai masu fitar da tururin nukiliya. A 1987 a garin Goyaniya na Barazil, wasu mutum biyu suka kwance wani injin asibiti da aka bari a kango suka sayar wa mai gwangwan. Da ya ga wani gari mai walƙiya shuɗiya a ciki, sai ya kai gida ya nuna wa iyali da maƙwabta, har wata yarinya 'yar shekara shida ta taɓa shi ta ci abinci da hannun. Mutum huɗu suka mutu, aka gwada fiye da mutum 100,000, aka rushe gidaje. Duk wanda ya san yadda 'yan gwangwan da 'yan jari-bola ke farfasa tsofaffin ƙarafa da guduma a garuruwanmu ya san haka na iya faruwa a nan. Hukumar Kula da Harkokin Nukiliya ta Ƙasa, NNRA, ce ke da alhakin rajistar irin waɗannan sinadarai a Najeriya, kuma ya kamata ita da gwamnatin jiha su kai wayar da kai har wuraren 'yan gwangwan da Hausa, a nuna musu alamar gargaɗin, wato fuka-fukai uku a kan launin rawaya, a gaya musu cewa ƙarfen da ke ɗauke da ita ba a fasa shi, ba a ɗauka, sai a nisance shi a sanar da hukuma.