Tambaya da Amsa: Aikin hula ya taru, Sallah ta matso

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗinkin hula nake yi a wani ƙauye kusa da Ringim. Da azumi ya kama sai masu hula su yi ta turo yara suna tambayar tasu. Ɗinkin ya riƙa tattarewa, idona ya yi ta zafi, sabon zane kuma ya ƙi zuwa min. Har na fara tunanin ajiye allurar. Ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Kada ki ajiye allura. Ki fara da lissafi, domin yawancin wannan damuwa daga karɓar aikin da ya fi ƙarfin hannu take. Ki duba kwana nawa hula ɗaya mai cikakken aiki take ɗaukar ki, ki ƙara kwana biyu na mai wanki, sannan ki ƙirga kwanakin da suka rage. Idan mako biyu take ci, kuma saura wata biyu, hula uku za ki karɓa. Na huɗu ki faɗa masa gaskiya tun a bakin ƙofa, sai bayan Sallah. Ki kuma karɓi kuɗin zare tun farko.

Tattarewar nan daga gaggawa take. Mai sauri tana jan zare da ƙarfi, yadin ya tsuke, hular mai lamba 23 ta dawo ba ta shiga kan mai ita. Ki bar kamar rabin inci ƙari lokacin yanka, kuma bayan kowane layi ki shimfiɗa yadin a cinya. Idan bai kwanta ba, ki warware nan take, kafin ki ɗora wani aiki a kai. Zaren da za ki zura kada ya wuce kamu ɗaya, dogo ƙullewa yake yi. Sabon zare kuwa, musamman ja da shuɗi, ki jiƙa guntunsa da ruwan sabulu ki goga a farin ƙyalle. In ya bar launi, zai zuba a wurin wanki, aikin wata guda ya lalace. Zaren hula ɗaya a saye shi lokaci ɗaya, don wani zubin launinsa yakan ɗan saɓa.

Ido kuma yana son hasken rana a inuwa. Ɗinki da tocila bayan tarawi shi ke kawo zafin, kuma da safe za ki ga kurakuran.

Amma abin da muka fi so ki ji shi ne ki daina zama ke kaɗai a ɗaki. Ki nemi mata uku ko huɗu masu irin sana'arki ku riƙa shimfiɗa tabarma a tsakar gida ɗaya da hantsi. Wata hannunta ya fi kyau a zane, wata ta fi saurin cike fili, wata ta ƙware a haɗa kai da jikin hula. Ku raba aikin haka, ku yi yarjejeniyar kuɗi tun kafin a fara, don rigima daga nan take tashi. Ku haɗa adashi mutum ɗaya ya sayo muku zare da yawa daga Kano, ya fi sauƙi. Hira ma kanta tana sassauta hannu.

Sabon zane ba a matsa masa. Ki ɗauki wanda kika saba, ki canza abu ɗaya kawai: launin gefe, ko girman dagin da ke tsakiya. Ki kalli faifan da ke rataye a bango, da zanen ƙwarya, da lallen amare. Ki gwada a guntun yadi tukuna, kuma ba a kan hular da ake jira ba.

Tambaya: 'Yata mai shekara 12 tana koyon ɗinki, amma zanen maƙwabciyarmu take kwaikwaya. In hana ta? Daga Kura.

Amsa: A'a, Malam, kowa da kwaikwayo ya koya. Sai dai mahaifiyarta ta kai ta ta gaishe da matar, ta nemi izini. Ta fara da launi biyu a kan ƙaramar hular yaro.