Gwaji ko Jarrabawa? Amsa ga Mai Rubuta Manhaja

Wani matashi daga unguwar Zango a nan Damagaram ya aiko mini da tambaya. Ya ce su huɗu ne suke rubuta manhajar lissafin kaya ga masu shaguna, kuma suna da ƙananan umarni da kwamfuta ke bi da kanta don ta duba ko manhajar na aiki daidai. "Malam, gwaji za mu kira wannan ko jarrabawa? Sannan wane karin magana zan faɗa wa abokin aikina da ke raɗa wa fayil sunan da ya ga dama, in na yi magana ya yi fushi?"

Ɗana, gwaji za ku ce. Jarrabawa kalma ce da muka aro daga Larabci, kuma a bakin Bahaushe ta manne wa mutum: ɗalibi ke zana jarrabawa, bawan Allah ake jarrabta da rashi ko ciwo. Akwai zuciya da haƙuri a cikinta, manhaja kuwa ba ta da ko ɗaya. Gwaji tamu ce, daga gwada ta fito. Harafin d ne ya koma j saboda wasalin da ya biyo baya, yadda gudu ke ba da guje, gida ke ba da gidaje. Tela na gwada riga, mai awo a kasuwar Dole na gwada tiya, duk dai ana ɗora abu ne a kan ma'aunin da aka riga aka sani.

Abin da ya fi faranta mini rai shi ne ma'ana ta biyu da gwada take da ita a bakinmu mutanen Nijar. Inda Bakano zai ce "nuna mini hanya", mu sai mu ce "gwada mini hanya". Ashe gwajin ƙwarai aiki biyu yake yi: ya auna, kuma ya gwada maka inda ɓarna take. Da aka ce sai an gwada akan san na ƙwarai, a kunnen Badamagare duka biyun ake ji.

To amma gwajin da na'ura ba ta gani ba, me zai gwada maka? Ka rubuta cewa abokin naka, don kishin Hausa, ya sa wa fayil ɗinsa suna gwajin_kudi.py. Na yaba kishin, Allah ya ƙara. Sai dai pytest, manhajar da ke gudanar da gwaje-gwaje, wanda ka ce da shi kuke aiki a harshen rubuta manhaja na Python, in ba a sauya masa umarni ba yana neman fayil ɗin da sunansa ya fara da test_ ne, ko ya ƙare da _test.py. Na abokinka sai ya tsallake shi ba tare da ya ce uffan ba. Sauran gwaje-gwajen su wuce, allo ya nuna kore, kowa ya tashi da murna, alhali lissafin kuɗi ba wanda ya taɓa shi. Haka Go, wani harshen rubuta manhaja, yake, sai sunan ya ƙare da _test.go. Masu harshen Java da ke aiki da Maven, manhajar da ke haɗa musu aiki, kuma a wurin ajiya mai suna src/test/java suke ajiye nasu. Kuna iya gaya wa pytest ya riƙa neman gwajin_ a madadin test_, yana da wurin saita haka, kuma ni zan so in ga an yi. Sharaɗin kawai ku huɗun ku tsaya a kan suna ɗaya.

Karin maganar da ta dace da wannan ita ce tun ran gini tun ran zane. Da yawa suna ɗauka ginin ɗaki kaɗai ake nufi, irin gidajen Birni masu zane a fuska. Amma tukunya ma gina ta ake yi. Ka je Mirya ka tsaya kusa da mai ginin tulu: yumɓu na ɗanye take jan zanen a wuyansa, don in ya bushe ya shiga wuta, tsinke ba ya kama shi. Ranar da kuka buɗe aikin, ranar ya kamata ku yanke inda gwaji zai zauna da yadda za a kira shi. Kowane fayil na manhaja ya sami ɗan'uwansa na gwaji mai ɗauke da sunansa, cikin kowane gwaji kuma a fara da shirya kaya, a aikata, sannan a tabbatar da sakamako. In fayil ya kai ɗari kafin a yi wannan shawara, yumɓu ya riga ya bushe, gyara sai da wahala.

Batun fushin abokinka kuwa, a nan Bahaushe ke cewa gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Maganar ƴan fatauci ce: ka ga kayan wani sun karkata a bayan jaki, ka ce ya gyara, shi kuma ya zaci rabo kake nema. Faɗa masa ita da murmushi, kada ka jefa masa a gaban mutane, don karin magana in ta zo da zafi habaici take zama. In so samu ne ma, ku ɗauke wannan aikin daga bakin mutum. Git, manhajar da masu rubuta manhaja ke adana aikinsu da sauye-sauyensa a ciki, yana ba da damar a sa ɗan umarni ya duba kaya kafin a karɓi kowane sabon aiki, in sunan fayil ya saɓa ƙa'ida ya mayar da shi. Da kai da shi duk ƙofa ɗaya za ku bi, kuma ran da ta mayar da naka, ka gyara a gabansa ya gani.